Ina Marubuci Yake Saro Hajarsa? Darasi Daga Magabatan Bauchi

(Jawabin da aka gabatar a wajen taron ƙungiya na shekara-shekara a garin Bauchi. An buga shi kamar yadda aka faɗe shi, sai ɗan gyara kaɗan.)



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya ba ɗan Adam harshe da hankali. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Mai girma shugaban taro, iyayenmu dattawan ƙungiya, malamanmu, iyayenmu mata, 'yan'uwa 'yan kasuwa, da 'ya'yanmu samari da 'yan mata, muna yi wa kowa barka da zuwa.

Abin da ya jawo wannan jawabi koke ne da ya fito daga kwamitin mujallarmu. Sun ce duk lokacin da za a fitar da mujalla sai sun bi mutane rumfa-rumfa suna roƙon rubutu kamar masu bin bashi. Idan an tambayi yaro mai digiri sai ya ce, "Wallahi Baba ba ni da ilhama." Idan an tambayi babba sai ya ce shi ɗan kasuwa ne, rubutu na 'yan boko ne. Ana cikin wannan ja-in-ja kuma dattawanmu suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya, kowanne da labarinsa a ciki.

Mu da ke wannan zauren, yawancinmu iyayenmu ko kakanninmu ne suka zo Bauchi, wasu daga Kano, wasu daga Katsina, wasu daga Zazzau, Haɗeja ko Sakkwato. Fatauci ya kawo wasu, almajiranci ya kawo wasu. Bauchi ta karɓe su hannu biyu, ta zama gida. To amma a tambayi 'ya'yanmu yau: wace shekara kakanka ya zo, wa ya sauke shi, da wace haja ya fara? Kaɗan ne za su amsa. Wanda bai san hanyar da aka bi aka kawo shi ba, duk abin da wani ya faɗa a kan asalinsa dole ya haɗiye.

Saboda haka maganar ilhama ba ta 'yan jami'a kaɗai ba ce. Mu ba farfesoshi ba ne, karatunmu na allo ne da Islamiyya, sauran kuma kasuwa ce ta koya mana. Da idon kasuwar za mu dubi tambayoyi 3: ina marubuci yake saro hajarsa, yaya yake ƙulle ta kada ta zube, kuma yaya yake juya ta har ta yi riba? Ba sai mun je nesa neman amsa ba, domin garin nan da muke zaune ya haifi marubutan da har yau ake karanta su a makarantu.

ILHAMA DA ARZIKI

Da farko mu yarda da abu guda: fasaha baiwa ce daga Allah, yadda arziki yake daga Allah. Wani za a ba shi da yawa, wani kaɗan. Amma a cikinmu wa ya taɓa ganin ɗan kasuwar da ya ce tunda arziki na Allah ne bari ya kwanta a ɗaki ya jira? Kowa sammako yake yi ya buɗe rumfa, ya share, ya baje kaya, ko da jiya bai yi cinikin sisi ba. Hausawa suka ce zomo ba ya kamuwa daga zaune.

Haka ilhama take. Mutane suna son su ce mawaƙi wane aljanu ne ke ba shi waƙa, marubuci wane a mafarki yake gani. Irin wannan magana tana da daɗi a hira, amma illarta ita ce tana sa yaro ya naɗe hannu ya ce shi ba a ba shi ba. Idan muka bi tarihin waɗanda suka yi rubutu a ƙasar nan, sai mu tarar kowannensu yana da kasuwar da yake zuwa sari. Ga misalai.

SARI NA FARKO: BAKIN TSOFAFFI

A shekarar 1933 Hukumar Talifi ta Zariya, a ƙarƙashin Dakta R. M. East, ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. East ya zaga garuruwan Arewa yana roƙon malamai su rubuta, kamar dai yadda kwamitinmu yake yi yau. Littattafai 5 ne suka fito daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na yayansa Malam Bello Kagara, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, Jiki Magayi na John Tafida tare da shi East ɗin, sai kuma Shaihu Umar na wani matashin malamin makarantar Midil ta Bauchi, wato Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, Allah Ya jiƙansa.

'Yan'uwa, a lura da shekarunsa. An haife shi a 1912, ke nan yana da shekara 21 kacal, bai daɗe da fitowa daga Kwalejin Katsina ba. Bai taɓa taka Sahara ba, bai taɓa ganin Tarabulus ba. Amma ya rubuta labarin wani malami da yake zaune a Rauta, nan kusa da mu, yana ba almajiransa tarihin rayuwarsa: yadda aka yi wa mijin mahaifiyarsa, Makau, makirci a fada aka kore shi, yadda aka sace shi yana yaro, yadda ya faɗa hannun wani Balarabe mai suna Abdulkarim, ya ƙetare hamada da shi, ya riƙe shi kamar ɗa har ya zama malami, da yadda mahaifiyarsa ta fita nemansa har ita ma aka bautar da ita, ba su sake haɗuwa ba sai a Tarabulus tana gab da barin duniya.

To ina yaro ɗan shekara 21 ya samo wannan? Mu yi lissafi irin namu. Turawa sun ci Bauchi a 1902, sun ci Kano da Sakkwato a 1903. Daga nan zuwa 1933 shekara 30 ce. Ke nan a lokacin da yake rubutu, mutanen da suka ga harin bayi da idonsu, da waɗanda aka raba da iyayensu, da fataken da suka bi ayarin raƙuma, suna nan da ransu, suna zaune a zaurukan garin nan da ƙauyukansa. Duk yaran zamanin sun taso cikin irin wannan hira. Dubbai sun ji, mutum ɗaya ya ɗauki alƙalami.

Dubi ribar da ɗan ƙaramin littafin nan ya jawo. An fassara shi zuwa Turanci a 1967. An mayar da shi wasan kwaikwayo. A 1976 Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa. Marubucin ya zama Firayim Minista, an kashe shi a watan Janairun 1966, kabarinsa yana nan cikin garin nan. Mulki ya wuce, amma Shaihu Umar yana hannun ɗalibai har gobe.

Darasi na farko ke nan: kunne. Mu ma muna da namu tsofaffin. Akwai waɗanda suka ga isowar jirgin ƙasa Bauchi a farkon shekarun 1960. Akwai waɗanda suka kai hatsi da shanu wa ma'aikatan kuza a Jos. Akwai waɗanda suka yi kasuwa a lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, da waɗanda suka riƙe fam da sule ranar da aka koma naira da kwabo a 1973. Akwai waɗanda suka ga yadda garin nan ya buɗe bayan ya zama babban birnin jiha a 1976, da waɗanda canjin kuɗin 1984 ya karya ko ya ɗaga. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan littafi ne guda.

SARI NA BIYU: ABIN DA KE FARUWA YAU

Mutum na biyu shi ne Malam Sa'adu Zungur, Allah Ya gafarta masa. Ɗan gidan malamai ne a cikin birnin nan. Ya sha karatun addini da Larabci tun a gida, ya yi Kwalejin Katsina, ya kuma tafi Babbar Kwalejin Yaba a Ikko a lokacin da ganin ɗan Arewa a can abin mamaki ne. Ya yi koyarwa a Zariya kafin ya dawo gida.

Shi Malam Sa'adu kasuwarsa ita ce abin da ke gudana a gabansa. Da aka gama Yaƙin Duniya na Biyu a 1945, sojojinmu suka fara dawowa daga Bama. Kowa ya fita kallo, aka yi kiɗa aka watse. Shi kuwa ya zauna ya tsara waƙar Maraba da Soja. Da ya ga al'adun da aka cusa cikin addini ana ɗaukarsu ibada, sai ya yi waƙar Bidi'a. Da ya zauna a Ikko yana sakataren jam'iyyar NCNC, ya ga inda siyasar ƙasa ta dosa, ya kuma bi labarin abin da ya sami sarakunan Indiya bayan ƙasar ta sami 'yanci a 1947, sai ya rubuta Arewa Jumhuriya ko Mulukiya, yana jan kunnen sarakuna da talakawa cewa in ba a gyara ba, a nemi ilmi a tsayar da adalci, abin da ya ci wasu zai ci mu.

Abin lura a nan shi ne, Malam Sa'adu ya haɗa ido biyu. Da ɗaya yana karanta littattafan Larabci, inda ya san awon waƙa da tarihin magabata. Da ɗayan yana karanta jarida, yana bin abin da ake ciki a duniya. Shi ya sa idan abu ya faru yana da mudun da zai auna shi. Wanda ba ya karatu, ko gobara ta tashi a gabansa abin da zai iya faɗa bai wuce "wuta ta ci kasuwa" ba.

Kuma abin da ya fi motsa shi ciwo ne. Abin da ya dame shi a zuci shi yake rubutawa. To mu fa, ba abin da ke damunmu? Wahalar takardun kuɗi da aka sha a farkon 2023, lokacin da mutum yana da kuɗi a banki amma ba shi da na cefane a aljihu, wa ya rubuta yadda ta kasance a Kasuwar Wunti ko ta Muda Lawal? Mun sha ta, mun yi ta hira a kanta, yanzu har mun fara mantawa. Nan da shekara 30 jikokinmu sai dai su karanta abin da wani ya rubuta daga Abuja ko Ikko.

SARI NA UKU: ZAMA DA MUTANE

A shekarar 1942 aka turo wani matashin malami daga Kano zuwa Midil ta Bauchi, shi ne Malam Aminu Kano. Shi ma baƙo ya zo, kamar iyayenmu. Ya tarar da Malam Abubakar a makarantar, ya kuma shaƙu da Malam Sa'adu. A 1943 aka kafa Majalisar Taɗi ta Bauchi, inda malaman makaranta da ma'aikatan En'e suke haɗuwa, a ɗauki batu guda a yi ta muhawara a kansa. Zaman ya yi zafi har wata rana aka jefa tambaya a kan albashin sarakuna, abin da ya sa hukuma ta ga ba za ta iya ci gaba da lamunta ba. Majalisar ba ta yi tsawon rai ba, amma mutanen da ta wasa su ne suka riƙe siyasar Arewa bayan haka.

Malam Aminu kansa marubuci ne. Yana da wasan kwaikwayo a kan 'yan damfarar kasuwar Kano, wanda sunansa kaɗai ya isa ya sa ɗan kasuwa murmushi: Kai Wane Ne a Kasuwar Kano da Ba Za a Cuce Ka Ba. Ga mutum ya shiga kasuwa irin tamu, ya ga abin da muke gani kullum, ya fita da littafi.

Haka kuma da waƙar Malam Sa'adu ta Arewa ta bazu, Alhaji Mudi Sipikin na Kano bai yarda da ra'ayinsa ba, sai ya mayar masa da amsa da tasa waƙar, Arewa Jumhuriya Kawai. Saɓanin ra'ayi ya haifar mana da waƙa biyu maimakon ɗaya. Ashe ko gardama, in an yi ta da ilmi da ladabi, kasuwar sari ce.

Mu Hausawa ba a fi mu majalisa ba. Kowace unguwa akwai dakali, kowane layi a kasuwa akwai benci da mai shayi. Bambancin majalisarmu da tasu shi ne, su suna zuwa da batu, suna tashi da abin rubutawa.

ƘULLE HAJA KADA TA ZUBE

Yanzu mu zo tambaya ta biyu. An samo, yaya za a riƙe?

Kowane ɗan kasuwa a nan yana da littafin bashi. Me ya sa? Saboda mun san zuciya mantuwa gare ta. Mutum zai karɓi kaya da hantsi, ka ce ai ba za ka manta ba, kafin la'asar abokan ciniki 20 sun shiga tsakani, ka rasa turmi 3 ya ɗauka ko 4. To tunani mai kyau ya fi bashi saurin gudu. Yakan zo ana tsakar awo, ko a cikin mota a hanyar Kano, ko bayan sallar asuba. In ba a ɗaure shi nan take ba, ya tafi ke nan, ko ya dawo ba da kamarsa ta farko ba.

Magabatanmu sun san haka, shi ya sa malami ba ya rabuwa da gafaka da tawada. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ga hidimar gida ga ta jama'a. Abin da ya sa muke da ayyukanta yau shi ne ta rubuta, zuriyarta kuma a gidan Wazirin Sakkwato suka adana takardun fiye da shekara 100.

Ga wani misali da ya fi kusa da mu, domin shi mutumin zango ne. Alhaji Umaru, wanda ake kira na Salaga ko na Karaci, haifaffen Kano ne, ya haɗa malanta da fatauci, ya bi hanyar goro har ƙasar Gwanja, ya zauna a Salaga, daga baya ya koma Kete Karaci cikin ƙasar Gana ta yau, inda ya zama limami har ya rasu a 1934. Wannan bawan Allah duk abin da ya wuce ta gabansa sai ya kama shi. Ya yi waƙa a kan zuwan Turawa. Ya yi a kan annobar mura ta 1918. Ya rubuta littafin koyon tsara wasiƙa. Ya kuma rubuta bayanin tarihi da sana'o'in Hausawa da ajami, wani jami'in Jamus ya kwashe ya tafi da su. Yau duk mai binciken rayuwar Hausawan zango na wancan zamani sai ya bi ta kansa. Fatake nawa suka bi wannan hanya tare da shi? Ba iyaka. Shi muka sani, saboda shi ya rubuta.

Kada iyayenmu mata su ce su ba ruwansu. A tsakanin 1949 da 1950 wata Baturiya, Mary Smith, ta zauna da wata tsohuwa a ƙasar Zazzau, Baba ta Karo, tana ba ta labarin rayuwarta tana rubutawa. Baba ba ta yi boko ba. Ta rasu a 1951, littafin ya fito a 1954, kuma har yau ana karanta shi a jami'o'in duniya don a san yadda matan Hausawa suka rayu. Abin tambaya a nan, don me sai baƙuwa ta zo daga Ingila? Tsofaffi irin Baba suna cikin gidajenmu, jikokinsu masu digiri suna wuce su da "ina kwana" kawai.

Yau kuwa uzuri ya ƙare. Wanda bai iya boko ba ya rubuta da ajami, ai shi muke rubuta bashi da shi tun fil azal. Wanda hannunsa ba ya sauri, wayar da ke aljihunsa tana ɗaukar murya. Sai dai a kiyaye abu 3. A rubuta rana da wuri da sunan wanda ya faɗa, domin labarin da ba shi da kwanan wata kamar rasit ne ba sa hannu. A rubuta da kalmomin mai maganar, kada a gyara masa Hausa, domin daɗin yana cikin yadda ya faɗa. Sannan abin da aka ɗauka a waya a juye shi a takarda da wuri, don waya tana faɗawa ruwa, ana kuma sace ta.

JUYA JARI

Tambaya ta uku ita ce reno. Abin da aka kama ɗanye ne, kamar gyaɗa ce da ɓawonta. Sai an ɓare, an soya, an matse kafin a ga mai.

Abu na farko karatu. Abubakar Imam bai ɓoye ba cewa ya amfana da littattafan Larabci wajen rubuta Ruwan Bagaja. Da ya zo rubuta Magana Jari Ce a 1936, an tara masa littattafan labarai na Larabawa da na Indiya da na Turawa a Zariya, ya karanta, ya zaɓa, ya sake ƙera su, ya sa musu rigar Hausa har ba mai cewa baƙi ne. Wannan ba sata ba ce. Mai rini ma farin yadi yake saye, amma abin da ya fito daga karofi nasa ne. Sata ita ce ka ɗauko na wani yadda yake ka cire sunansa ka sa naka, kuma wannan haramun ne a kasuwa, haramun ne a rubutu.

Abu na biyu naci. Alhaji Aliyu Namangi na Zariya makaho ne tun yana yaro, amma ya tsara Imfiraji, waƙa bayan waƙa, shekara da shekaru, yana riƙe da baitocin a ka. Masana sun nuna cewa karinta na kiɗan caji ne, wato ya ji abin da ake rawa da shi a dandali ya juya shi ya zama wa'azi. Malam Sa'adu kuwa shekarunsa na ƙarshe cikin ciwon huhu ya yi su a nan Bauchi, ya rasu a 1958 bai kai shekara 45 ba, amma jinya ba ta raba shi da alƙalami ba. Waƙoƙinsa ba su da yawa, sai dai kowace an auna ta an tace. Yau ga jami'ar jihar nan tana ɗauke da sunansa. To wanda Allah Ya ba ido da lafiya, me zai ce?

Abu na uku, a nuna wa wani. Ba mai sayen zinariya bai kai an gwada ba. Su Imam da Tafawa Ɓalewa sai da rubutunsu ya bi ta hannun masu dubawa a Zariya kafin a buga. Ka karanta wa abokinka da babbar murya. Inda ka ga ya fara duba waya, to wurin akwai gyara. Kuma wanda aka gyara wa kada ya yi fushi. Mai gaya maka kayanka sun yi tsami kafin ka kai kasuwa masoyinka ne.

Abu na huɗu, amana. Magana zarar bunu ce, rubutacciya kuwa ta fi, domin tana nan bayan mai ita. Tsoho zai ba ka labari har da sirrin gidan wasu. Ba duk abin da kunne ya ji ne alƙalami zai ɗauka ba. A nemi izini, a sakaya sunan da ya kamata a sakaya, kada a ƙara gishiri a abin da aka ce tarihi ne. Mu baƙi ne da aka karrama a garin nan, muna zaune lafiya da Gerawa da Fulani da Jarawa da Sayawa da sauran maƙwabta. Rubutunmu ya zama mai ƙara danƙon zumunci.

ABIN DA MUKE ROƘO

Don kada mu tashi da daɗin baki kawai, ga shawarwari 4 muna miƙa wa shugabanni.

Na ɗaya, kowane gida a cikin ƙungiyar nan ya sayi littafin rubutu guda, a damƙa wa yaro ko yarinya ɗaya, a ce kafin taron baɗi a zauna da mafi tsufa a gidan sau 3 a rubuta: daga ina aka zo, yaushe, wa ya sauke mu, da me aka fara. A fara da waɗanda suka fi rauni, domin su ba sa jira.

Na biyu, mujalla ta ware shafi 2 a kowace fitowa don waɗannan labarai, a karɓa da boko ko da ajami, kwamiti ya juya.

Na uku, sau ɗaya a wata a mayar da zamanmu na bayan la'asar ya zama majalisar taɗi: a zaɓi batu tun da wuri, a sa mutum ɗaya ya riƙe alƙalami.

Na huɗu, mu masu rumfuna mu sa hannu a aljihu. Takarda da ɗab'i kuɗi ne. Yadda muke taimakawa a gina masallaci da makaranta, mu taimaka a buga abin da 'ya'yanmu suka rubuta, mu kuma sa 'yar kyauta ga wanda ya fi. Kada a raina gasa: ita ta fito da Shaihu Umar a 1933, kuma gasar Hikayata da Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 ta fito da mata marubuta da dama waɗanda da ba a san su ba.

Ku kuma 'ya'yanmu, daga yau kada wanda ya sake ce wa kwamiti ba shi da ilhama alhali kakarsa tana ɗaki. Je ka gaishe ta, ka zauna, ka tambaye ta yadda aka yi ta zo Bauchi. Ka tafi da biro.

Allah Ya jiƙan magabatanmu da suka rubuta suka bar mana. Allah Ya ƙara wa dattawanmu lafiya da nisan kwana. Allah Ya sa albarka a kasuwancinmu da zuriyarmu, Ya zaunar da garin Bauchi da ƙasarmu lafiya. Abin da muka faɗa daidai Allah Ya ba mu ladarsa baki ɗaya.